Makulli a Cikin Kular Tuwo

Germantown, Maryland
Ranar Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga Ummi, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a hanya da wurin aiki, ya sa ki shiga sabon mazauninki da ƙafar dama. Ni ma lafiya lau nake, in ban da gwiwar hagu da ta fara riga masu hasashen yanayi sanar da ni zuwan ruwa.

Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa take kallon taki. Dalili biyu ne. Na farko, in na ce da baki zan faɗa miki, da Turanci za ki amsa, ni kuwa rabon da in ci gardama da Turanci a gidan nan tun kina aji uku. Na biyu, akwai maganar da ba ta fita daga bakin Bahaushe yana kallon idon 'yarsa ta fari. Shi ya sa na rubuta, kuma da Hausa. Ki bi ta a hankali. In wata kalma ta shige miki duhu, ki kira ni ki tambaya. Wannan ma yana cikin dabarar.

Shekaranjiya na sauko shan shayi na tarar da takarda a kan teburin cin abinci. Yarjejeniyar haya ce, shafi tara, kin riga kin sa hannu, kin kuma liƙa 'yan takardu masu ruwan ɗorawa a duk inda ake son nawa hannun, kamar yadda ake yi wa tsohon da ido ya fara gudu. Jibi Asabar za ki tare a gidana na Silver Spring, ɗaki biyu da falo a hawa na shida, domin ya fi kusa da asibitin da za ki fara aiki. Ni na ce ki zauna, ki riƙa ba da abin da ya sawwaƙa har ki rage bashin makaranta. Ke kuma kika rubuta cikakken kuɗin da 'yan hayar da suka tashi suke biya. Da na yi magana, sai kika ce da Turancin nan naki mai santsi, "Baba, na bincika. In na biya ƙasa da haka, kai za ka yi asara wajen haraji. Gara mu yi komai a kan ƙa'ida."

Gaskiyarki ce, doka tana bayanki. Amma ban sa hannu ba, kuma ina so ki san dalili. Na taɓa ganin irin wannan takarda a kan wannan gida. A wancan karon ni na rubuta, wani ya sa hannu.

Kina tuna Baffanki Lawal? Kina shekara shida ko bakwai ya zo ƙasar nan. Shi ne babban wanmu, ni ne auta, tsakaninmu shekara goma sha huɗu. Hedimasta ne a Funtua. Lokacin da na samu gurbin karatu a nan kuɗin jirgi ya gagara, shi ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa makaranta a ƙafa, ɗalibansa suna wuce shi a kan keke suna gaishe shi. Bai taɓa faɗa mini ba. A bakin mahaifiyarmu, mai sunanki, na ji, bayan shekaru.

Da ya ajiye aiki sai sunansa ya fito a ƙuri'ar biza. Ya zo shi kaɗai, da niyyar in ya kafu ya ɗauko iyalinsa. Mutumin da ya shekara talatin ana miƙe masa in ya shiga aji, ya samu aikin gadin wurin ajiye motoci a Washington, yana miƙa tikiti yana yi wa mutane fatan sauka lafiya. A daidai lokacin muka taso daga Silver Spring muka dawo nan, gidan can babu kowa. Na kai shi, na ba shi makulli.

Yana duba tagogi ya ce, "Auta, nawa ne hayar?"

Na ce, "Haba Yaya."

Ya ce, "Ba haba na tambaye ka ba."

Na ce, "Ai gidanka ne."

Ya ce, "To, mun ji."

Iyakar yarjejeniyarmu ke nan. Ni ina jin kunyar yanka wa wana farashi, shi kuma yana jin nauyin zama a gidan ƙanensa kyauta. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ita ta samo mana hanya ba tare da ta yi niyya ba. Kowace Asabar takan tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zuba a shuɗiyar kular nan da ta zo da ita daga Kano, mu kai masa ni da ke. Ke ce mai riƙon kula a lif, kina rungume da ita kamar jaririya. In mun isa sai ya shiga kicin ya juye tuwon, ya wanke kular, ya sa wani abu a ciki, ya rufe. Kin san ba a mayar da kwano wofi. Wata rana dabino, wata rana ayaba, wata rana alawar nan da take rina miki harshe. Asabar ɗin farkon wata kuwa, a ƙarƙashin dabinon akwai ambulan. Babu suna, babu rubutu. Abin da yake ciki bai taɓa kai rabin abin da maƙwabtansa suke biya ba, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: watan da ya aika gida da yawa sai ya ragu, watan da ya samu ƙarin aiki sai ya ƙaru. Shekara huɗu kina ɗauko mini kuɗin haya a lif ba ki sani ba. Ni da shi kuwa ko da wasa ba mu taɓa ambatar ambulan ɗin ba.

A lokacin ina ganin wannan shi ne ƙarshen ladabi. Yanzu na gane rabi ne ladabi, rabi tsoro. Abin da ba a raɗa masa suna ba, kowa yana kiransa da sunan da ya ga dama a ransa. Shi yana ganin haya yake biya, iya ƙarfinsa. Ni kuwa in ina masallaci ina ganin kyauta nake yi, in ina gaban takardun banki ina ganin haya nake karɓa. Wannan ne kuskurena na farko. Ummi, duk ranar da kuɗi ya shiga tsakaninki da wani naki, ki daure ki faɗi sunan abin tun ranar. In kyauta ce ki ce kyauta ce. In rance ne ki ce rance ne, ki faɗi ranar biya. In haya ce ki faɗi adadi, ko da muryarki tana rawa. Kunyar minti biyar ce. Ni da na guje mata, har yau ban gama biyanta ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin shi babu ladabi a cikinsa ko kaɗan. Kwaɗayi ne ya sa babbar riga.

Akwai wani mutuminmu, ba zan faɗi sunansa ba domin har yanzu kafaɗarmu tana haɗuwa a sahun Juma'a. Duk shekara motoci yake sayarwa, amma da zarar lokacin cike takardun haraji ya zo sai ya zama akanta. Ofishinsa yana ɗakin ƙasa na gidansa, kusa da injin wanki. An san shi da hannu mai albarka: duk wanda ya shiga wurinsa, sai gwamnati ta dawo masa da canji mai kauri. Na je.

Ya ce, "Injiniya, kana da gida na biyu ba ka faɗa mini ba? Wa ke ciki?"

Na ce, "Wana ne."

"Yana biya?"

"Yana ɗan taɓawa."

"To ai shi ke nan, ɗan haya ne. Gwamnatin ƙasar nan ba ta san wa da ƙane ba."

Sai ya hau jerawa: gyaran famfo, fenti, inshora, kuɗin da ake biyan masu kula da benen kowane wata, ruwan bashin banki, har da wani abu da ban taɓa ji ba, wai tsufan gini. Doka ta yarda mai gidan haya ya riƙa cire wani kaso kowace shekara saboda gininsa yana tsufa. Na ce a raina, ashe akwai ƙasar da ake rage wa mutum haraji don abinsa yana lalacewa. Da gwiwata gidan haya ce da na huta. Da aka tara waɗannan duka aka cire su daga ɗan abin da yake zuwa a kula, sai takarda ta nuna na yi asara. Asarar kuma aka ɗauke ta aka rage mini harajin albashi. Canji ya dawo, mai kauri, kamar yadda aka yi alkawari.

Na sa hannu ban karanta ba. Ni da na cika bangon falo da littattafai, nake gyara wa masu wa'azi tarihin dauloli a cikin raina, 'yan shafuka masu ɗauke da sunana na kasa karantawa. Kuma kada in yi miki ƙarya, ba rashin lokaci ba ne. Jikina ya ba ni cewa in na karanta zan ga abin da zai hana ni karɓar canjin.

Ki dubi abin da na so yi. Alheri ɗaya na yi, amma na kai rasit wuri biyu. Ina jiran lada a wurin Allah, ina karɓar rangwame a wurin gwamnati. Don haka, kada ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta ba, ko da mai miƙo miki yana da tabon sallah a goshi. Ranar da aka zo tambaya sunanki za a kira, shi yana can yana yabon wata tsohuwar mota. In kuma kin yi alheri, ki bar shi ya ci miki wani abu. Alherin da bai rage miki komai ba, ki sake dubawa, wataƙila ciniki ne.

A shekara ta huɗu wasiƙa ta zo daga ofishin haraji. Mako uku tana cikin aljihun mota ban buɗe ba, ina fatan ta gaji ta koma inda ta fito. Wannan ma ki riƙe: takardar hukuma ba ta huce wa mutum don ya yi kamar bai gan ta ba. Ki buɗe a ranar, ki nemi wanda yake da lasisin aikin, ba wanda yake da farin jini ba.

Wadda na tarar a ofishin wata mace ce baƙar fata, mai kimanin shekaruna na yanzu, da tabarau mai sarƙa da 'yar tukunyar fure a kan tebur. Ban taɓa ganin mai ladabi irinta ba. Ta tambayi takardar haya, na ce babu. Ta tambayi rasit, na ce babu.

Ta ce, "To yaya yake biyanka?"

Na ce, "A cikin kwanon abinci."

Ta cire tabarau. "A cikin me?"

Sai na kwashe labari na ba ta, tun daga babur har zuwa dabino. Ta saurara da kyau. Har ta ce kakarta ma, can kudancin ƙasar nan, ba ta taɓa mayar wa maƙwabta kwano wofi ba. Na ji daɗi, na ɗauka mun zama 'yan'uwa. Sai ta mayar da tabarau, ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta nuna mini abin da ake biya a gidaje irin nawa a wannan benen.

Ta ce, "Malam, babu wanda ya hana ka taimakon ɗan'uwanka. Amma a wurinmu gida iri biyu ne. Akwai wanda ake neman riba da shi, akwai wanda mutum yake amfani da shi don kansa. In ɗan'uwanka yana zaune a ciki a matsayin gidansa, kuma yana biyan abin da baƙo zai biya, to gidan haya ne, ka cire abin da ka kashe. In kuwa ka rage masa irin wannan ragi, to duk ranar da ya kwana a ciki, a lissafinmu kai ne ka kwana."

Na ce, "Ni a Germantown nake kwana. Matata shaida ce."

Ta ce, "Na yarda. Amma a takarda, duk shekarun nan kana zaune a Silver Spring."

Ashe gwamnati ta san wa da ƙane, har ta fi mai sayar da motoci sani. Abin da ya shigo ta kula, dole a bayyana shi a matsayin kuɗin shiga. Gyara da fenti da inshora da tsufan gini duk aka soke. Abin da aka bar mini shi ne ruwan bashin banki da harajin gidan, kamar kowane mai gida na biyu. Canjin da na ci na dawo da shi, da kuɗin ruwa a kai, da tara. Ba zan faɗa miki adadin ba. Kin tuna shekarar da muka ce za mu je gida hutu, aka sayi tsaraba, aka ɗinka miki kaya, sannan aka fasa? To, ita ce. Da na koma wurin mutumin namu na nuna masa takardun, ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah. Injiniya, ai jarrabawa ce." Iyakar gudummawarsa ke nan.

Da a nan labarin ya tsaya, da na daɗe ina ba da shi a wurin suna ana dariya. Kuskure na uku shi ya zaunar da ni rubutun nan.

Na fito daga ofishin ina fushi. Ya kamata in yi fushi da kaina, amma fushi kamar ruwa yake, inda ya fi gangare yake bi. A cikin cunkoson motoci a babbar hanya mai lamba 270 na gama lissafi: in Yaya ya biya cikakken kuɗi a rubuce, komai ya halatta. Shi ya riƙa rubuta cek, ni kuma in riƙa mayar masa da rabi a ɓoye. Daga baya na ji cewa wannan dabarar ma ba ta wucewa, domin kuɗin da ya shigo ta ƙofa ya fice ta taga, su a wurinsu bai shigo ba. Amma a ranar ina ganin na fi kowa wayo.

Mahaifiyarki ta same ni ina buga takardar. Ta karanta ta bayan kafaɗata, ta ce, "Baban Ummi, ka fara faɗa masa da baki. Ka ba shi labarin matar nan mai tabarau, wallahi dariya zai yi."

Na ce, "Takarda ta fi baki tsari."

Ta ce, "Takarda ba ta da fuska."

Ban saurare ta ba. In na ba shi labarin, dole in faɗa masa cewa shekara huɗu ina cin kuɗi da sunansa. Wannan ne na kasa. Ranar Asabar na bar ki a gida, na ɗauki kular ni kaɗai, na ɗora ambulan ɗin takardar a kan murfinta, na miƙa masa. Hanyar da ya bi shekara huɗu yana rufa mini asiri, ita na bi na tona nasa.

Ya shiga kicin kamar kullum. Ya daɗe. Da ya fito, takardar tana hannunsa, da jan biron nan da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ya zauna ya karanta ta shafi bayan shafi, kamar mai duba jarrabawa. Ya ɗora yatsa a kan adadin.

"Wannan ne farashin?"

Na ce, "Yaya, na takarda ne kawai. Ni zan riƙa dawo maka da..."

Ya ɗaga hannu, yadda yake tsayar da ɗalibi. "Ba a dawo mini da komai. Farashin ke nan, ko ba shi ba ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "To da ka faɗa tun ranar da na tambaye ka, Injiniya."

Tun da aka haife ni Auta yake kirana. Ya sa hannu da jan biro, ya miƙo mini takardar da kular. A lif na ji ba ta da nauyi. An wanke ta, an goge, babu komai a ciki.

Daga nan cek ya riƙa zuwa ta gidan waya, ranar ɗaya ga wata, cikakke, bai taɓa makara ba. Ya ƙara wani aikin a ƙarshen mako don ya iya biya, saboda haka ranar Asabar ba a samunsa a gida. Tuwo ya tsaya. Sau biyu na sa masa kuɗi a ambulan na tura ta ƙarƙashin ƙofa, sau biyu suka dawo mini ta gidan waya, ba a ko buɗe ba.

Bayan wata biyar ya kira ya ce a kawo masa tuwo. Na yi murna, na ɗauka ya huce. Muka je mu uku. Ya ci, ya yaba miya, ya tsokane ki a kan haƙoranki da suka fita, ya wanke kular ya miƙa miki. A lif kika girgiza ta, kika ji abu yana ƙara, kika ce da Hausarki ta lokacin, "Baba, akwai alawa." Mahaifiyarki ta buɗe. Makullin gidan ne. Ashe ya riga ya sayi tikiti. Mako na zagayowa yana Funtua. Iyalin da ya zo don ya ɗauko, ba su taɓa ganin ƙasar nan ba.

Yana nan da ransa, ido ya yi rauni. Muna gaisawa a ƙaramar Sallah da babba. "Injiniya, ya iyali? Ya sanyi?" Ranar da mahaifiyarki ta rasu ya kira, ya yi doguwar addu'a, ya rufe da cewa, "Sai haƙuri, Injiniya." Ko a ranar bai ce Auta ba.

Gidan kuwa na sa baƙi a ciki, masu biya cikakke. Tun daga lokacin ofishin haraji bai sake rubuto mini ba. Duk masallacinmu babu mai takardu masu tsabta kamar nawa.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne: in kin yi kuskure, ki biya daga aljihunki, kada ki miƙa rasit ɗin ga wanda ya fi ki rauni. Maganar da za ta yi zafi, ki kai ta da ƙafarki, ki faɗe ta da bakinki, kuma ki fara da naki laifin. Da na ce masa, "Yaya, na ci kuɗi da sunanka, an kama ni," da ya kira ni sakarai, ya yi mini faɗan hedimasta na rabin awa, mu ci tuwo. Har yau ban ba shi labarin matar nan mai tabarau ba. Na yi niyyar kiransa jibi, bayan motar kayanki ta tashi. Gidan zai yi shirun da ya isa.

Yanzu sai maganarmu ni da ke.

Jiya na je wurin akanta na gaske, mai lasisi a bango da taga a ofis. Ya ce kin yi daidai. In kin biya cikakke, kuma can ne mazauninki, zan ci gaba da cire duk abin da nake cirewa. Ya ce ɗan ragi kaɗan, irin wanda ake yi wa ɗan haya mai amana, ba laifi ba ne, amma irin wanda nake nufi ya wuce nan. Ya lissafa mini abin da zan rasa kowace shekara. Ya ƙara da cewa in ragin ya haura iyakar kyautar da doka ta ƙayyade a shekara, akwai wata takardar da ake cikewa. Na ce a cike. Ya dube ni kamar yana so ya ba ni lambar likita.

Ga abin da na yanke. Gobe Juma'a bayan magariba za mu zauna a teburin nan, ki faɗi abin da za ki iya biya ba tare da kin takura ba, ni ma in maimaita shi da bakina, mu rubuta a shafi ɗaya, mu kira shi da sunansa: ragi ne daga uba. Ki riƙa turowa ta banki. Zan bayyana wa gwamnati kowace dala, ba zan cire komai ba sai abin da doka ta bar mini. Asarar tawa ce, na saye ta ido buɗe. A wannan karon wuri ɗaya zan kai rasit.

Na san ba haraji kaɗai ya sa kika kawo takardar nan ba. Kina so ki tsaya da ƙafarki, kada a ce Dakta guda tana zaune a inuwar babanta. Jinin Baffanki ne, na gane shi tun daga yadda kika sa hannu. Ba na hana ki. Ragin nan ba shi da igiya. Ba zan zo ba sanarwa ba, ba zan buɗe firij in ga abin da kike ci ba, in na tambayi wanda ya kawo ki gida kina da damar ki ce tasi ne. Amma ki sani, iya karɓa ma tarbiyya ce. Wanda ba ya karɓar komai daga hannun nasa, a hankali yana rufe musu ƙofa ne, ko da bai nufa ba.

Akwai kuma wani dalilin, shi ne wanda ba zan iya faɗa ina kallonki ba. Shekaru na yi ina jin haushin maganar matar nan mai tabarau. Yanzu da gidan nan zai rage daga ni sai agogon falo, na sake juya ta a raina. In kika biya cikakke, ke 'yar haya ce, ni mai gida, kowa da adireshinsa. In kuwa kika bar ni da asarata, duk ranar da kika kwana a can, gwamnati da kanta za ta rubuta cewa ni ne na kwana. A takarda dai ba mu rabu ba. Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa zaton a dokar haraji zan samu wanda ya fahimci uba ba.

Wasiƙar nan za ki same ta a kan shuɗiyar kular, a daidai inda kika ajiye taki takardar. Makullin yana ciki, a ƙarƙashin dabino. Shi ne dai wanda kika girgiza a lif. Ki tafi da kular. Asabar ta sama ki dawo da ita, zan zuba miki tuwo. Na koyi tuƙawa, gudajin sun ragu, miyar ce dai har yanzu take neman addu'a. Kada ki aiko kowa, kada ki sa ambulan. Ayaba biyu sun isa. In babu mota ki hau jirgin ƙasa na Red Line. Na san sai ya gangara har cikin Washington kafin ya hauro wajenmu, kamar Bahaushe zai nemi alfarma, amma yana isowa. Zan jira ki a tashar ƙarshe.

Ki riƙe sallarki ko aiki ya yi yawa. Ki ci abinci a zaune. Ki gaishe da maƙwabta tun kafin ki buƙace su. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum, ya sa hannunki ya zama sanadin waraka ga duk wanda kika taɓa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba Baffanki lafiya, ya sanyaya zuciyarsa. Ya kai ki lafiya, ya dawo mini da ke lafiya, da kular a hannu.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
wanda bai sa hannu ba.